Ƙarin kuɗin haya duk shekara: riba ne ko asara?

Dillali, unguwar Bukoki a Yamai: Salamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina mai gidan da ba ya ƙara haya duk shekara sadaka yake yi. Fenti, ƙarfe, kuɗin magini, komai na hawa.

Hajiya mai gidajen haya, Lazare: Malam, mu yi lissafi. A ce ɗaki da falo jika 30 (sefa dubu 30) a wata. Ka ƙara jika 5, a shekara ka samu jika 60. Ɗan haya ya fusata ya kwashe kayansa, ɗaki ya yi wata 2 a kulle, jika 60 ɗin ta tafi. Ba a zo kan fenti da sabon kwado ba, balle la'adarku, wadda na san ita ke maka daɗi.

Dillali: Hajiya, kin soke ni! Amma ɗaki mai kyau a Yamai ba ya kwana ba kowa.

Magini, Talaje: Mai kyau ɗin fa, Malam. Kuɗin mai gida ta rufi yake zubewa. Zafin Afrilu na busar da robar da ke ƙarƙashin kan ƙusa, ta tsattsage. Ruwan Agusta ya bi ramin, ya jiƙa katakon silin, ya sauko bango, filasta ta kumbura ta zube. Tun watan Mayu a hau a sauya ƙusoshi, a liƙe, a share indararo. Aikin yini guda ne. In aka bari, sai an sayi buhunan siminti. Ramin masai ma a yashe shi kafin damina, kuma ruwan wanka ya bi nasa rami daban, in ba haka ba nan da nan ya cika.

Hajiya: Ga wuta kuma. Ƙofa 6 a kan kwantar kamfanin lantarki NIGELEC guda, rigima ce: mai firji da mai fanka ɗaya su biya daidai? Ga shi farashi na hawa da yawan sha. Kowa da nasa ƙaramin kwantar, a rubuta lamba ranar shiga, gaban shaidu.

Dillali: To duk wannan gyara da wane kuɗi, in ba a ƙara ba?

Hajiya: A ware hayar wata guda cikin 12, kada a taɓa. Ƙari kuwa, sai ɗaki ya canja hannu, ko an yi sabon aiki da ido ke gani, kamar tayil ko famfo cikin gida.

Dillali: Wanda ya shekara 10 bai tashi ba fa, Hajiya?

Magini: Wannan a zauna da shi, a ba shi wata 3 ya shirya kafin a ƙara.