Abokin ɗakina ya daina barci, gida sun ce sammu ne

Ɗan Naraguta:
Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, muna haya ɗaki ɗaya da abokina a Unguwar Rogo. Tun da sakamako ya fito aka ce sai ya maimaita kwas biyu, yaron nan ya canza. Da shi ke tashin mu sallar asuba komai tsananin sanyin Jos. Yanzu ƙarfe 3 na dare sai in farka in gan shi zaune cikin bargo, ya zuba wa bango ido. Taliyar da na dafa masa jiya tana nan a tukunya, ta sandare. Na kira Hajiyarsu, ta ce hassada ce, sammu aka yi masa, ta aiko da rubutu a galan ta hannun direban motar Bauchi. Yana sha, amma mako uku ke nan jiya i yau. Da na ambaci asibiti sai ya ce, "Au, mahaukaci ka ɗauke ni?"

Ummu Hani:
Ɗalibar likitanci ce ni. Baƙin ciki, rashin barci da ƙin abinci in suka wuce mako biyu, ciwon damuwa likita zai fara zargi, kuma ba hauka ba ne, yana da magani. Kar ka ce masa "likitan ƙwaƙwalwa". Ka ce ku je asibitin makaranta a duba rashin barcin. Sannan ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin. In ya ce e, kar ka bar shi shi kaɗai, ku wuce asibitin koyarwa na Lamingo a ranar.

Malam Sabo:
Ɗana, kar ka ja da Hajiya, ba za ka yi nasara ba. Ya ci gaba da shan rubutunsa. Ka tuna mata Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani. In ita ta ce ya je, zai je.

Baban Gida:
Ni dai a guji kemis. Ina aji biyu irin wannan ta same ni, wani mai shago ya ce taifot ne, ko gwaji babu. Na ɗirki ƙwayoyi har kuɗin abincina ya ƙare, barcin bai zo ba.

Ɗan Naraguta:
Na gode. Malam, na bi shawararka. Hajiya ta yi shiru can, ta ce in miƙa masa wayar. Ban ji me ta faɗa ba, amma ya ce gobe bayan laccar ƙarfe 10 in raka shi asibiti.