Me kuka saka a ɗakin injin jirginku don kashe gobara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi jirgin ruwa na hannu mai injin dizal, ɗakin injin yana ƙarƙashin wurin zama. Abin kashe wuta da na tarar tukunyar hoda ce guda ɗaya, allurarta ma ta kwanta. Waɗanda wuta ta taɓa kama musu inji a tsakiyar ruwa, don Allah me ya yi muku aiki?

Tsohon matuƙi: Wa'alaikumussalam. Ni hodar ce ta cece ni, ita ce kuma ta ci min inji. Tiyon mai ne ya tsage yana ɗiga kan bututun hayaƙi. Na ji ƙauri, sai na ɗaga murfi in duba. Nan na tafka kuskure, domin wutar da ke ci a hankali tana shaƙar iska ta taso har ta babbake min gira. Na juye mata hodar duka, ta mutu. To amma injin na aiki a lokacin, ya zuƙe hodar, sauran ta shige altaneta da mahaɗan wayoyi. Da danshi ya sauka, duk inda ta kwanta sai tsatsa. Bar hodarka kusa da sitiyari, kuma ka huda ƙaramar kafa mai marufi a jikin murfin, wadda za ka zura bakin tukunya ba sai ka buɗe ba.

Makaniken jirage: Baba ya faɗi gaskiya. Ɗakin inji na tukunya mai sarrafa kanta ne, irin ta gas wadda ba ta barin datti. Da can Halon ake sakawa, yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawo ƙarshensa saboda yana lalata rufin ozon. Yanzu FM-200 ko Novec 1230 za ka fi gani. A bakin tukunyar akwai ɗan maƙulli da zafi ke sakewa, galibi idan ya kai digiri 79 a ma'aunin Celsius.

Sai dai ga inda mutane ke faɗawa rami. An taɓa kawo min jirgi, tukunya ta fashe, wato ta saki gas ɗinta, daidai lokacinta, amma ɗakin ya ƙone ƙurmus. Mai shi yana ta zagin kamfani. Da na duba, ba a haɗa ta da na'urar kashe inji ba. Dizal ba ya mutuwa don ya shaƙi wannan gas, haɗiye shi yake yi ya fitar ta salansa, fanka kuma ta kwashe ragowar. Tunda naka dizal ne, dole tukunyar ta kashe inji da fanka a daidai lokacin da ta saki gas. In da hali a ƙara igiyar ja ta hannu, kada ka zauna jiran zafi ya kai.

Mai jirgin kamun kifi: Oga makanike, ka manta da girma. Ni ƙanana biyu na saya wai su yi aikin babba ɗaya. Ranar da wayar batir ta kama, ɗaya ce kawai ta fashe, ɗayar zafin bai iso ta ba. Gas ɗin bai cika ɗakin ba. Allah ya sa na kashe babban makunnin batir da wuri. Auna tsawo da faɗi da zurfi har ƙasan jirgin, ka sayi guda ɗaya da ta ɗauki wannan awon ko ta zarce.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ta iskar kabon fa? Na ga ita ma ba ta barin gari.

Makaniken jirage: Tana kashe wuta, tana kuma kashe mutum a wuri rufaffe. Idan ɗakin injin yana da ramuka zuwa inda ake kwana, ban ba ka shawara ba. Kowace ka saka, bayan ta fashe ka ba shi aƙalla minti 15 kafin ka taɓa murfi, ƙarfen na nan da zafinsa, kuma hayaƙin da ya rage ba na shaƙa ba ne.

Tsohon matuƙi: Kuma kada allura ta ruɗe ka, ɗana. Sauke tukunyar ka ɗora a sikeli, ka gwada da nauyin da aka rubuta a jikinta. Tawa allurarta na kan kore, ashe ta daɗe tana yoyo.