Ina katun ɗinmu na da suka shige?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake wallahi. Sati uku ke nan ina neman Muppet Babies in kunna wa Ilham da ƙannenta, don na gaji da katun ɗin yanzu masu ihu da walƙiya. Na shiga shago ya fi biyar. Wani ya rantse mini shi ne a faifan da ya sayar mini, na zo gida na saka, kashi huɗu ne kacal, hoton ya dushe, murya tana riga baki, ga tambarin wata tasha a gefe. Na sa ƙanena da ke Ingila ya duba, ya ce ko a can ba a taɓa fitar da shi cikakke a DVD ba, sai 'yan kaset na VHS na zamanin da, kowanne da kashi ƙalilan. Abin da aka yi kashi 107, daga 1984 har 1991! Don Allah wane irin rashin tausayi ne a kulle katun ɗinmu a sito, ba a sayar ba, ba a nuna ba? Wa ya san dalili?

Maman Sadik: Wayyo Baban Ilham ka tuna mini! Ƙarfe huɗu na yamma ana buɗe tasha, mu tun uku da rabi muna zaune muna kallon layukan nan masu kala. Har yau ina tuna mai renon nan tasu da ba a taɓa nuna fuskarta ba, sai ƙafafu da safa mai ratsin kore da fari. Ni da yayata mun sha gardama a kan ko tsohuwa ce ko budurwa.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ni kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Katun ɗinMU? Namu su wa? Bature ya zana a Amurka, don 'ya'yan Amurka, da Turancin Amurka, sai ka tashi a Kaduna ka ce naka ne? Zanen aro ba ya rufe katara, Baban Ilham.

Baban Ilham: Haba Malam, ka san abin da nake nufi. Namu, wato na zamaninmu, waɗanda muka tashi da su.

Malam Habu: To ka ce na zamaninmu. Harshe amana ne. Da irin wannan "namu" ɗin aka raba mu da Gizo da Ƙoƙi.

Injiniya: Bari in amsa tambayar da aka yi kafin a yi nisa. Matsalar Muppet Babies haƙƙin mallaka ce. Ku tuna yadda yaran ke buɗe ƙofar kabad sai ga jirgin yaƙin Star Wars na gaske, ko a sako guntun fim ɗin Indiana Jones. Kusan kowane kashi akwai guntun fim ko hoto ko waƙa na wasu. Izinin nunawa a talabijin daban, izinin bugawa a faifai a sayar daban, kuma kowane guntu sai an koma wurin mai shi an sake ciniki. Kamfanin Jim Henson da Marvel Productions ne suka yi shi, tashar CBS ta nuna. Disney ya sayi Muppets a 2004, ya sayi Lucasfilm masu Star Wars a 2012, amma ba duk guntayen ne suka dawo hannu ɗaya ba. A 2018 sai suka yi wani sabon Muppet Babies da kwamfuta, tsohon yana nan a ajiye.

Anti Ladi: Malam Habu, ni ban yarda da kai ba sam. Abin da na kalla ina 'yar shekara bakwai, a tsakar gidanmu a Jos, da 'yan unguwa cike da falo har kan taga, nawa ne. Shayi ma ai ba a gonarku aka fara noma shi ba, amma wa ya isa ya ce shayi da burodi ba namu ba ne?

Malam Habu: Shayi bai taɓa zagin kakana ba, Anti. Ke kin san a 1968 kamfanin United Artists, mai haƙƙinsu a lokacin, ya janye katun goma sha ɗaya na Looney Tunes da Merrie Melodies daga talabijin saboda yadda aka zana baƙar fata a ciki? Akwai ɗaya na 1938, Jungle Jitters, 'yan Afirka ne aka yi wa leɓe kamar faranti suna shirin dafa mutum a tukunya. Har yau masu su ba su fitar da su a faifai da sunansu ba, kunya suke ji. Su ma namu ne? In an fitar za ki kunna wa jikokinki?

Anti Ladi: Wa ya kawo maganar waɗannan? Muna maganar jarirai a ɗakin reno kana kawo mana tukunya.

Malam Habu: Gida ɗaya suka fito.

Injiniya: Ba gida ɗaya ba ne Malam. Wancan na Warner ne, wannan na Henson, tsakaninsu shekara arba'in da wani abu.

Malam Habu: Injiniya, ƙasa ɗaya nake nufi, kada ka mai da ni ɗalibi.

Hajiya Babba: Ni duk ba wannan ba. Ashe ba shi ne mai aladiyar nan da ke sa riga tana kwarkwasa ba? Ita kake yawon shaguna sati uku don ka nuna wa 'ya'yanka? Baban Ilham ka ji tsoron Allah.

Maman Sadik: Hajiya zane ne fa, ba nama ba. Mun kalla mun girma, ga mu muna sallah muna azumi.

Hajiya Babba: Ƙanwata, mun kalla ne don ba mu da zaɓi, tasha ɗaya ce. Yanzu da zaɓi.

Ɗan Tawa: Salamu alaikum 'yan uwa na Nijeriya. Ina ta karantawa ina mamaki. Kuna faɗa a kan "namu" kuma ba wanda ya ambaci namu na gaske. Moustapha Alassane, ɗan Nijar, ya zauna nan Tawa shekaru da yawa har ya buɗe masauki, ya rasu a 2015. Tun 1966 ya yi katun mai suna Bon Voyage Sim, shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, ana ta fareti da jawabi, minti biyar ne amma duk wanda ya san mulki zai gane da wa ake. Ya je Kanada ya koyi aikin wurin gwanin katun Norman McLaren. Daga baya ya yi Kokoa, kokawar gargajiya ce da kwaɗi da sauran dabbobi, har da makaɗa. To ku shiga kasuwar Tawa ko ta Maraɗi ku nemi faifansa ku gani ko za ku samu. A bukukuwan fim na Turai ake nuna shi, ɗan unguwarsu bai taɓa gani ba. Wannan ne abin kuka.

Malam Habu: Allah ya yi maka albarka Ɗan Tawa. Ka gama magana.

Baban Ilham: Na gode, ban san shi ba gaskiya. Amma shi ma ai maganata ce: abu yana nan, an hana mutane.

Abba Voltron: Yaya ni dai in ana maganar katun ɗinmu a fara da Voltron. Muppet Babies na 'yan mata ne. Zaki biyar, baƙi, ja, kore, shuɗi, ɗorawa, su haɗu su zare takobi. A firamare har dambe muka yi a kan wa zai zama baƙin zaki. Amurka ba ta taɓa yin kamarsa ba.

Injiniya: Abba, Amurka ba ta yi shi ba ma. Na Japan ne, kamfanin Toei, sunansa GoLion, 1981. Wani kamfani a birnin St. Louis na Amurka ya saya ya yanke wuraren jini ya sa Turanci, ya fito da shi a 1984. Sven, ɗaya daga cikin matuƙan zakunan, da aka ce mana ya ji rauni an kai shi jinya, a na asalin mutuwa ya yi. Kuma Voltron an fitar da shi a DVD tuni, ba ya cikin waɗanda ake nema.

Abba Voltron: Ƙarya ne wallahi, Sven bai mutu ba, da idona na ga ya dawo.

Injiniya: Ƙaninsa ne a na Japan, suna kama. Kuma ka janye kalmar ƙarya, na girme ka.

Abba Voltron: Na janye ƙarya, amma ban janye Sven ba.

Kawu Ɗanjuma: 'Ya'yana ku saurara. Na yi shekaru ina aiki a wani gidan talabijin kafin in yi ritaya, ba zan kama suna ba. Kuna zargin Bature da ya kulle nasa a sito. Shi aƙalla yana da sito. Mu kaset ɗin U-matic tsada gare shi, in an ba ka goma sai ka yi wata da su. Za a ɗauki wasan kwaikwayo na Hausa ranar Talata, a nuna ranar Alhamis, ranar Asabar oga ya ce babu kaset na ɗaukar taron gwamna, sai a ɗora a kansa. Da hannuna na shafe wasu, har yau in na tuna ba na jin daɗi. Waɗanda suka tsira kuma zafi da ƙura da damina suka cinye su, ka saka a inji tef ɗin ya manne. Su katun ɗin waje ma haya ce, ana ba da izinin nunawa na ɗan lokaci, in ya ƙare a mayar ko a lalata. Ba mu taɓa mallakarsu ba.

Malam Habu: Kun ji daga bakin Kawu. Haya ce. Wa ke ce wa gidan haya nasa?

Anti Ladi: Kawu da girmamawa, ba ko'ina aka yi wannan sakacin ba. A Jos aka fara talabijin mai kala a Nijeriya, kuma a Jos aka iya ajiya. A 2013 wani Bature, Philip Morris, ya samu gwangwanayen fim na Doctor Who, wani shirin talabijin na BBC, a ɗakin ajiyar wata tasha a Jos, kashi tara da BBC da kanta ta shafe nata tun tuni. Daga kashi 106 da suka ɓata aka koma 97 a lokacin. Duniya ta ɗauka. Sanyin Jos ne da hankalin mutanen Jos.

Alhaji Sani: Mantuwa ce Anti, ba hankali ba. An jefa a lungu an manta. Mu a Kano da Gwamna Rimi ya kafa tashar talabijin ta CTV shirye-shiryenmu muka riƙa yi da Hausa, ba ajiyar kayan Bature ba.

Anti Ladi: To ina suke yanzu, Alhaji? Kawo kashi ɗaya cikakke mu gani.

Alhaji Sani: Akwai su wurin mutane.

Anti Ladi: Wane mutane?

Abba Voltron: Kuma Doctor Who ai ba katun ba ne, mutane ne.

Injiniya: Gaskiyarka, amma wasu daga cikin waɗanda suka ɓata an sake zana su katun, an ɗora a kan muryoyin asali da masu kallo suka naɗa a gida.

Maman Sadik: Ni fa ban gane inda aka dosa ba. An samu faifan ko ba a samu ba?

Baban Ilham: Ba a samu ba Maman Sadik. Tambaya ɗaya na yi, mutum ɗaya ya amsa, saura kowa ya kama harafi biyu ya hau. An ce mini ba ni da kishi, an ce in ji tsoron Allah a gaban jama'a. Ni yarana nake so su ga abin da ya sa ni dariya ina ƙarami, shi ke nan. Hajiya Babba, kin ɓata mini rai gaskiya.

Hajiya Babba: Nasiha na yi, ƙanena. In ta yi zafi ka yi haƙuri, amma ban janye ba.

Alhaji Sani: To jama'a, a matsayina na mai kula da zauren nan bari in taƙaita don waɗanda ba su bi ba, saƙo ya yi yawa. Baban Ilham ya kawo kuka a kan wani katun na Turawa da ya ce namu ne. Malam Habu ya gyara masa da hujja mai ƙarfi, ya nuna yadda masu katun ɗin nan suka wulaƙanta baƙar fata, kuma ba wanda ya iya amsa masa. Kawu Ɗanjuma, wanda ya yi aikin da hannunsa, ya tabbatar haya ce ba mallaka ba. Ɗan uwanmu na Tawa ya nuna mana namu na gaske, Allah ya jiƙan mai shi. Injiniya ya kawo wasu shekaru da sunayen kamfanoni. Anti Ladi ta yi maganar Jos wadda ba ta shafi batun ba. Mafi yawan zaure sun tafi a kan cewa kalmar "namu" kuskure ce. An rufe wannan batu, wanda ke da tsohon kaset na shirye-shiryen Kano ya same ni ta gefe.

Anti Ladi: Mafi yawa su wa, Alhaji? Ku uku ne, na ƙirga. Kuma har yanzu ina jiran kashi ɗayan nan.