An bar min shagon ɗinki da yara 6, kullum a guje nake amma aiki ba ya gaba

Telan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa riƙe mutane a ƙarƙashinsu. Ogana ya koma garinsu wata 4 ke nan, ya bar min shago nan kusa da Terminus, keke 5, yara 6. Wallahi tun bakwai nake fitowa cikin sanyin nan na Jos sai bayan isha'i nake komawa gida, ni ke awo ni ke yanka ni ke zuwa sayo zare da maɓalli ni ke amsa waya, in na fita kuma na dawo sai in tarar da su zaune wai ba su san wanne za su ɗauka ba. Jiya wani dattijo ya zo karɓar kaftaninsa na ɗaurin aure, na buɗe leda na ga shaddar ko ninkinta ba a warware ba. Bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi ya ce Allah Ya kyauta, kallon nan ya hana ni barci. Ga azumi na matsowa. Ya kuke tsara yininku ne?

Ɗan Gwarin Farin Gada:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka ji haushina, amma yaran nan ba su da laifi, duk aikin yana cikin kanka ne, su kuma ba sa ganin cikin kanka. Mu nan tumatur ba ya jiran kowa, in mota ta iso da asuba ban san wa zai sauke kwando, wa zai ware ruɓaɓɓe, wa zai tsaya kan kuɗi ba, kafin azahar na tafka asara. Shi ya sa nake gama tsara gobe tun daren yau, minti 15 da biro da littafi. Sayi allo ka kafa a bango, sunan kowane yaro, kayan wa ke hannunsa, ranar karɓa. Kuma zuwa sayen zare ba naka ba ne yanzu, ka tara lissafin sati guda ka tura ƙaramin cikinsu sau ɗaya.

Malamin Islamiyya:
Na ƙara kan maganar Alhaji. Ɗan'uwa duba Hijira a shekarar 622, Manzon Allah SAW da ya fi kowa tawakkali bai fita haka kawai ba. Kwana 3 suka yi a kogon Sauru shi da Sayyidina Abubakar, Abdullahi ɗan Abubakar na kawo labarin Makka da dare, Asma'u ta shirya guzuri, Amiru bin Fuhaira na biyo sawu da tumaki yana ɓatar da shi, ga Abdullahi bin Uraiƙiɗ da aka ɗauka haya don ya san hanya. Kowa da nasa aikin, kuma ya san shi tun kafin a tashi. Sannan akwai hadisin Sakhrul Gamidi a Abu Dawuda da Tirmizi, inda Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonsu, shi Sakhru ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa har ya yi arziki. To ka yi yanka da safe kafin kwastoma su fara shigowa, sallolin ma su zame maka ma'auni, kafin azahar kaza, kafin la'asar kaza.

Uwargidan Rikkos:
Ni dai ɗana inda na ɗan saɓa da su, allo kaɗai ba zai fisshe ka ba in kana karɓar abin da ya fi ƙarfin shagon. Ɗinkin mata nake yi shekara da shekaru, abin da ke kashe mu kunya ce, mutum ya zo da yadi ka kasa cewa a'a, ka karɓi kafin alƙalami ka ɗaure kanka. Zauna ka ƙirga kala nawa kuke iya gamawa a rana tsakani da Allah, ba ranar da komai ya tafi daidai ba, ka cire Juma'a rabin yini ce, ka cire ranar da za a ɗauke wuta ko a yi rasuwa a unguwa kowa ya tafi jana'iza. In kaya za su kammala Talata ka ce wa mai su Alhamis. Ni goma ga azumi nake rufe karɓa ko ƙanwata ce ta kawo, tana fushi tana hucewa. Guga da duk abin da ke son wuta ku tara su gefe, ana kawowa a hau kansu.

Telan Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mama maganarki ta taɓa ni, yanzu na ƙirga ledojin da ke ƙarƙashin tebur, 43 ne, mu kuma ba ma wuce kala 5 a rana. Na aika a sayo allo da alli. Shaddar dattijon nan da kaina zan yanka ta gobe bayan asuba in sha Allah, in kai masa har gida.