Ya kasa rabuwa da na'urar numfashi, ina mafita?

Assalamu alaikum likitoci da ma'aikatan jinya. Don Allah ina neman shawararku kan wani dattijo da muke jinya, mai cutar toshewar hanyoyin iska ta huhu da ta daɗe a jikinsa. Ciwon nimoniya ne ya kai shi kan na'ura. Ciwon ya lafa, zazzaɓi ya sauka, amma raba shi da na'urar ya gagara.

Duk lokacin da muka bar shi ya gwada numfashi da kansa, kafin minti 30 sai numfashin ya haura 35 a minti ɗaya, gumi ya keto masa, kabon-dayoksaid ya taru a jini, ya fara gyangyaɗi. Mun rage maganin sa barci, mun gyara sinadaran fosfet da fotasiyam na jininsa, oksijin ɗin jininsa kuma muna riƙe shi tsakanin kashi 88 zuwa 92. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsoron da ke kama shi da zarar ya ga an taɓa na'urar, tun ma ba a rage komai ba.

Shin mu cire bututun na'urar da ke maƙogwaronsa mu mayar da shi kai tsaye kan takunkumi mai tura iska, ko mu huda maƙogwaro a bi a hankali? Ni na fi karkata ga takunkumin, sai dai tarinsa ba ƙarfi, majina kuma da yawa. Sannan yaya kuke gane cewa zuciya ce ke gazawa a lokacin gwajin, ba tsokar numfashi ba? Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ya taimaka mana.