Ganyen da nake matsewa yana yin baƙi: ina kuskuren yake?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum. Ina son haɗa littafin itatuwan da ke bakin Gulbin Rima zuwa wajen Kware, kowane shafi da busasshen ganye da zanensa a gefe. To amma ganyen da na sa cikin littafi baƙi yake yi, wani ya yi fumfuna, na bagaruwa kuwa kakkaɓewa yake. Kuma da wace tawada zan yi zanen?

Malam Mai Tsirrai: Wa alaikumus salam. Littafi ba ya fitar da ruwan ganye da wuri, shi ya sa. Ganye ɗanye galibinsa ruwa ne, in ruwan bai fita da wuri ba sai ya ruɓe. Ka samu katako biyu, kamar santimita 30 da 45. Ka shimfiɗa kwali, sai tsohuwar jarida ninki uku, sai reshen, sai jarida, sai kwali, haka har sama. Ɗaure da robar tayar mashin, ka aza bulo. Da damina sai ka canza jarida kullum a kwana huɗu na farko, sannan bayan kwana bibbiyu. Da hunturu mako ɗaya ya isa, amma kada ka baza a rana, ganyen zai karye.

Ka juya ganye ɗaya ya kalli ƙasa, domin jijiyoyi da gashin bayansa ne ke raba iri da iri. Reshen da babu fure ko 'ya'ya rabin aiki ne. Rubuta wuri da kwanan wata nan take. In suna ya rikice maka, sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da ma'ajiyar busassun tsirrai, can ake kwatantawa.

Inna Hajo: Ɗana, batun bagaruwa: ita da gawo da tsamiya ƙananan ganyayensu rufewa suke da zarar an cire reshe. Ka tafi da katakon matsewarka daji, ka sa su a gindin iccen. Kuma ka san lokacin kowa. Gawo da damina yake zubar da ganye, sai an yi kaka ya tofo, in ka je mai a Agusta ƙaya kaɗai za ka iske. Kuka kuwa da rani tsirara take. Tumfafiya ka kiyayi nononta, yana cutar da ido.

Baduku: Yallaɓai, tawadar allo ba ta wannan aikin ba ce. Gawayi ne da ƙaro, an yi ta don a wanke, gumin hannu ma goge ta yake. Wadda ba ta fita ita ce ta dukawa, wadda aka baƙanta fata da ita. A daka 'ya'yan bagaruwa kimanin cikin tafin hannu ɗaya, a fidda ƙwayar, a tafasa da ruwa kofi biyu har ya koma ɗaya, a tace. A zuba ƙusoshi masu tsatsa, a bari kwana biyu ko uku. Ɗacin bagaruwa ne ke haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙin. Sai rabin ƙaramin cokali na ƙaro don ta kama alƙalami. In ka rubuta za ka gan ta fari-fari, bari ta sha iska, za ta yi duhu. Ƙarfe in ya yi yawa, da shekaru tana cin takarda, don haka a sami takarda mai kauri. Ja kuma karan dafi da ɗan kanwa, sai dai rana na kashe shi.

Malam Mai Tsirrai: Gaskiya ne. Ni dai shawarata, fensir tukuna, kuma a zana kafin a matse, tun launi da tsayuwar ganyen na nan. Ƙirga ganyayen, auna da rula, kada ka ƙawata abin da ƙwaro ya ci. Bayan reshen ya bushe, ka nannaɗe shi a leda, ya kwana uku a firiza don ƙwayayen ƙwari su mutu, sannan ka liƙa da siraran takarda da gam. Salatif kada ka kusance shi, zafin Afrilu narkar da shi yake.