Taliya da rage ƙiba

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun haihuwata ta uku tumbina ya ƙi komawa. Na bar lemon kwalba, amma taliya da manja da yaji kam na kasa. Dole sai na haƙura da ita?

Anti Bilki: Ba dole ba ne, ƙanwata. Auna ta kafin ki dafa. Giram 100 na busasshiya ya kai kalori 350, babban cokalin manja kuma wajen 120. Ni rabin farantina kabeji ne da zogale, in ɗora dafaffen ƙwai.

Ummu Sadik: Ki haɗa ta da wake, ya fi riƙe ciki. In kina shayarwa dai, kar ki zauna da yunwa.

Maman Hanifa: Ina shayarwa kuwa. Na gode, gobe zan gwada da waken.